Mai Son Turkanci Ya Fara Daga Kwanakin Mako

Turkawa suna da wata karin magana da ko yaro ya sani a Ankara da Istanbul: "Perşembenin gelişi çarşambadan bellidir." Ma'anarta, zuwan Alhamis tun daga Laraba ake gane shi. Duk Bahaushen da aka fassara wa wannan magana sai ya yi murmushi, domin a gidansu ma ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Al'ummu biyu da hamada da teku suka raba, kowacce ta ɗauki Laraba ta mayar da ita ranar hangen abin da ke tafe.

Wannan kusanci bai tsaya a karin magana ba. Ya shiga cikin sunayen ranakun kansu, ya shiga cikin yadda ake ƙulla su a jimla. Shi ya sa ya dace a faɗa ƙarara cewa Bahaushen da ke son koyon Turkanci, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai jinya, bai kamata ya bi ta Turanci ya yi dogon zagaye ba. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta tashi daga Hausa kai tsaye, kuma babu darasin da ya fi nuna haka kamar na kwanakin mako. Kalmomi bakwai ne kacal, amma rabin ginshiƙan nahawun harshen suna rataye a jikinsu.

Masu buƙatar darasin kuwa ba kaɗan ba ne. Gwamnatin Turkiyya tana da shirin tallafin karatu mai suna Türkiye Bursları, wanda ke kai ɗalibai daga ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Nijar, kuma ɗalibin da bai iya harshen ba yakan yi shekara guda cur yana koyon Turkanci kafin ya fara karatun da ya kai shi. 'Yan kasuwa suna sintiri a unguwannin Laleli da Merter da Osmanbey na Istanbul suna saro tufafi da takalma. Jiragen Turkish Airlines suna sauka a Abuja da Legas da Yamai. A 2023 kafar TRT Afrika ta fara aiki, kuma Hausa tana cikin harsuna huɗun da ta fara da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matafiya, tun a makonsa na farko, zai ci karo da tambayar wace rana ce za a buɗe, wace rana kaya za su iso, wace rana likita zai gan shi.

Ga ranakun yadda Turkawa ke jera su, daga Litinin: pazartesi, salı, çarşamba, perşembe, cuma, cumartesi, pazar.

Kafin a taɓa ma'ana, sai an gyara karatu. A ranar 1 ga Nuwamba 1928 Turkiyya ta yi dokar barin haruffan Larabci ta koma na boko, baƙaƙe da wasula 29, takwas daga ciki wasula ne. Mai karatun Hausa zai ga haruffan kamar nasa, amma akwai tarko. Harafin c na Turkawa j ne a kunnen Bahaushe, saboda haka cuma ana faɗarta "juma". Shi kuwa c ɗin da Bahaushe ya saba da shi a "ciki" da "cokali", Turkawa suna rubuta shi da 'yar wutsiya a ƙasa, ç. Haka ş yake daidai da sh. Ke nan çarşamba, da Bahaushe ne ya rubuta ta, "carshamba" zai rubuta. Wanda ya zo da Hausa yana da waɗannan sautuka a bakinsa tun yana yaro. Inda zai yi gumi a sunayen ranakun nan wuri biyu ne: harafin p, wanda harshen Bahaushe yakan karkatar zuwa f, da kuma ı marar ɗigo da ke ƙarshen salı, wasali ne da ake fitarwa daga can baya, leɓe a sake, ba i ba ne kuma ba u ba ne.

Da zarar an karanta cuma daidai, ɗaya daga cikin bakwai ta zo kyauta, domin Juma'a ce, daga Larabci. Salı ma masana harshe suna mayar da ita ga tushen Larabci mai nufin uku, wato tushen da ya haifi Talata. Çarşamba da perşembe daga Farisanci suka zo: a can "cahar" huɗu ne, "panj" biyar. Laraba ta Hausa daga "arba'a" take, huɗu, Alhamis kuma daga "hamsa", biyar. Harsunan aron sun bambanta, amma ƙidayar ɗaya ce: Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Pazar, wato Lahadi, ita ma Farisanci ce, kalmar "bazar" mai nufin kasuwa. Sauran biyun Turkawa da kansu suka ƙera su da kalmar ertesi, wadda ke nufin washegari: pazar ertesi ta dunƙule ta zama pazartesi, washegarin Lahadi, cuma ertesi ta zama cumartesi, washegarin Juma'a. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa hadda, domin kalmomi biyar zai riƙe da ƙa'ida guda. Kalmar mako kanta, hafta, daga "haft" take ta Farisanci, bakwai, kamar yadda Bahaushe kan ce "bakwai biyu" yana nufin mako biyu.

Ɗalibin da ya bi ta littafin Turanci ba zai taɓa jin wannan bayani da irin wannan armashi ba, domin marubucin littafin bai san Talata ba, bai san Alhamis ba. An rubuta shi ne domin mutumin da cuma baƙuwar kalma ce a wurinsa.

Abin lura shi ne yadda sunayen nan suka tsira daga guguwar gyare-gyaren da aka yi a Turkiyya. An kafa jamhuriya ranar 29 ga Oktoba 1923 a ƙarƙashin Mustafa Kamal Atatürk. Daga 1 ga Janairu 1926 aka koma kalandar Miladiyya. A 1932 aka kafa hukumar harshe, wadda ake kira Türk Dil Kurumu a yau, kuma aka yi ta tankaɗe kalmomin Larabci da na Farisanci ana maye gurbinsu da na Turkanci. A 1935 aka ɗauke hutun mako daga Juma'a aka kai shi Lahadi. A 1945 aka sauya sunayen watanni huɗu, Oktoba da Nuwamba da Disamba da Janairu suka zama ekim da kasım da aralık da ocak. Duk da haka ranakun mako suna nan da sunayensu na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. A Turkmenistan an gwada akasin haka: a 2002 shugaba Saparmurat Niyazov ya raɗa wa ranaku da watanni sababbin sunaye, amma a 2008, bayan rasuwarsa, aka dawo da na da. Sunayen da mutane ke cin kasuwa da su, suke zuwa masallaci da su, ba sa sauyuwa da sa hannu a takarda.

Yanzu ga nahawun. Idan Bahaushe zai ce zai yi abu a wata rana, "ranar Juma'a" yake cewa: rana a gaba, da ɗan harafin r da ke ɗaure ta da Juma'a. Baturke ma haka yake yi, sai dai ya juya kalmomin. Rana a wurinsa gün ce, sai ya ce cuma günü: sunan ranar a gaba, gün a baya, da ɗan wasalin ü da ke yin aikin da r ke yi a Hausa. "Cuma günü Ankara'ya gideceğim," wato ranar Juma'a zan tafi Ankara. Aikatau galibi a ƙarshe yake zama, kuma mai yin aikin yana liƙe a wutsiyarsa.

Wannan ƙulli guda yana buɗe ɗaruruwan maganganu. Sallar Juma'a cuma namazı ce. Kasuwar Talata salı pazarı ce. Safiyar Lahadi pazar sabahı, yammacin Alhamis perşembe akşamı, ƙarshen mako hafta sonu, tsakiyar mako ta ranakun aiki hafta içi. A kowanne, abin da Hausa ta sa a gaba Turkanci ya kai shi baya, kuma dukkansu biyu sun liƙa alamar nasaba a jikin abin da aka jingina, ba a jikin ranar ba. Turanci ba ya yin haka, shi ya sa malamin da ke koyarwa da Turanci yakan ɓata darasi guda yana bayanin abin da Bahaushe zai gane cikin minti biyar in an nuna masa "sallar Juma'a" a gefen cuma namazı.

Mai lura zai ga wasalin ƙarshen yana sauyawa: günü, namazı, sonu, içi. Wannan ita ce babbar dokar Turkanci, jituwar wasula. Ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a ƙarshe, galibi ba ta da wasali tsayayye, wasalin ƙarshe na kalmar da ta hau shi ne ke yanke mata hukunci. Kwanakin mako sun dace da koyar da dokar domin sun rabu gida biyu. Pazar da salı da çarşamba da cuma suna ƙarewa da wasulan baya, saboda haka suna ɗaukar ɗafa-ƙeya mai a. Pazartesi da perşembe da cumartesi suna ƙarewa da wasulan gaba, sai su ɗauki mai e.

A ɗauki "zuwa". Ɗafa-ƙeyarta a ce ko e, kuma idan kalma ta ƙare da wasali sai a saka y a tsakani don kada wasula biyu su yi karo: pazara, salıya, çarşambaya, cumaya, amma pazartesiye, perşembeye, cumartesiye. A ɗauki "daga": dan ce ko den, sai a sami salıdan da cumadan, a sami perşembeden da pazartesiden. Idan aka haɗa su da kadar, mai nufin "har", an sami jimlar da ke manne a ƙofar bankuna da ofisoshi: pazartesiden cumaya kadar, daga Litinin zuwa Juma'a. Ɗalibin da ya iya juya ranaku bakwai ta wannan hanya ya kama hanyar juya sauran sunaye a harshen, daga sunan gari zuwa sunan abinci.

Akwai kuskure guda da kusan kowane sabon ɗalibi ke yi. Turkanci yana da ɗafa-ƙeyar wuri, da ko de, mai nufin "a" ko "cikin": Ankara'da, a Ankara, evde, a gida. Ana amfani da ita ga watanni ma, ekimde, a watan Oktoba. Sai ɗalibi ya ɗauka haka za a yi da ranaku. Ba a yi. Ranar Lahadi pazar günü ce, ko pazar kawai. Wanda ya ce pazarda ya ce "a kasuwa", domin kalmar tana nan da ma'anarta ta asali. "Pazar günü pazara gittim" jimla ce lafiyayya: ranar Lahadi na tafi kasuwa. Ɗan kasuwar da ya yi alƙawari da mai shago ya ce pazarda, yana nufin rana, shi kuwa mai shagon wuri ya ji.

Abin da ake yi duk mako yana da siffofi uku. Ana cewa her cuma, kowace Juma'a. Ana cewa cuma günleri, ranakun Juma'a. Ana kuma taƙaitawa a ce cumaları. "Pazar günleri kapalı" na nufin ranakun Lahadi a rufe yake, kuma wannan jimla ta shafi Kapalıçarşı, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul, wadda ba ta buɗewa ranar Lahadi. Fadar Topkapı kuwa ranar Talata take hutu. Matafiyin da ke da kwana huɗu kacal a birnin, sanin kapalı da açık, rufe da buɗe, tare da sunayen ranaku, shi ne zai hana shi biyan kuɗin mota a banza.

Tambayar rana ma tana da salonta: "Bugün günlerden ne?" Wato yau, daga cikin ranaku, wacce ce? Amsa: "Bugün salı." Ba a buƙatar komai a madadin "ce" ta Hausa, kuma babu jinsi: Hausa ta ɗauki ranaku mata, ta ce Talata ce, amma Turkanci ba ya raba namiji da mace ko a wakilin suna, kalmar o ita ce shi, ita ce ita. Jiya dün, yau bugün, gobe yarın, jibi öbür gün, shekaranjiya evvelki gün. A nan Hausa ta fi yalwa, domin gata da citta ba su da kalma guda a can, sai a ƙirga a ce üç gün sonra, bayan kwana uku. Juma'ar da ta wuce geçen cuma ce, mai zuwa gelecek cuma ko önümüzdeki cuma, ta makon gobe kuma haftaya cuma. Don a ce jiya Alhamis ce, ana liƙa alamar shuɗaɗɗen lokaci a jikin sunan ranar kanta: "Dün perşembeydi."

A rubuce kuma akwai ƙa'ida. Hukumar harshe ta ce ana fara sunan rana da babban baƙi ne kawai idan yana tare da takamaiman kwanan wata, kamar 29 Ekim 1923 Pazartesi, in ba haka ba da ƙarami ake rubutawa. Rana tana zuwa ne a ƙarshe, bayan shekara. A jadawalin darussa da na jiragen ruwa ana gajarta sunayen, kuma nan ido ke yaudarar baƙo: Pzt Litinin ce, Paz Lahadi, Cum Juma'a, Cmt Asabar.

Bayan nahawu, ranakun suna ɗauke da al'adar da Bahaushe zai ji kamar tasa. Da safiyar Juma'a Turkawa suna gaisawa da "Hayırlı cumalar", daidai da "barka da Juma'a". Idan mutum ya ce "Cumaya gidiyorum", masallaci ya nufa, kamar yadda ake cewa Malam ya tafi Juma'a. A bakin masu addini cuma gecesi daren Alhamis ne wayewar Juma'a, yadda daren Juma'a yake a Hausa, domin a lissafin Musulunci dare ke gabatar yini. A Azarbaijan, inda ake magana da harshe ɗan'uwan Turkanci, wannan lissafi ya zama sunan rana ɗungurungum: Alhamis ana ce mata cümə axşamı, jajiberin Juma'a. Cuma sunan maza ne a Turkiyya, kamar Ɗanjuma. Garuruwa ma sun ci sunan ranar kasuwarsu: akwai Çarşamba a lardin Samsun, Perşembe a lardin Ordu, Pazar a lardin Rize, kuma a unguwar Fatih ta Istanbul akwai yankin Çarşamba da kasuwarsa ke ci duk Laraba. Mutumin da ya san Talatar Mafara ba ya buƙatar dogon sharhi. Idan kuwa Baturke ya yi wa wani alƙawarin "çıkmaz ayın son çarşambası", Larabar ƙarshe ta watan da ba ya kamawa, to ya ce masa ne kada ya sa rai.

Za a iya cewa duk wannan wahala ce marar amfani tunda kowa yana da waya, kuma manhajar fassara tana cikin aljihu. Gaskiya ne waya tana taimako wajen karanta allo da takarda. Amma ciniki a Laleli da baki ake yin sa, cikin sauri, kuma mai shagon da ya ji baƙo ya ce "Mal perşembeye hazır mı?", wato kaya za su kammala zuwa Alhamis, ya san yana magana da wanda ya san hanya. Turanci kuma ba ya kai mutum ko'ina a Turkiyya da zarar ya fita daga otal da filin jirgi. Direban motar haya, mai gidan haya, ma'aikacin da ke karɓar takardun izinin zama, mafi yawansu Turkanci kawai za su yi.

Wasu kuma za su ce Larabci da Faransanci da Sinanci sun fi cancantar ƙoƙari. Babu mai musun girmansu. Amma koyon wannan bai hana koyon wancan ba, kuma Turkanci harshen ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 80, yana kuma buɗe ƙofa ga harsunan Azarbaijan da Turkmenistan da sauran danginsa. Ƙari a kan haka, rubutunsa yana bin furuci harafi da harafi, kusan yadda rubutun Hausa yake, kuma ƙa'idojinsa ba su cika togaciya ba. Wanda ya yi makarantar allo da ta Islamiyya zai yi ta tsintar kalmomin da ya sani: saat, vakit, sabah, kitap, kalem, dünya, haber, selam.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan koyo da aka gina a kan Hausa. Ɗalibin da ya isa cibiyar koyon harshe irin TÖMER, wadda Jami'ar Ankara ta kafa a 1984, yana zama a aji ɗaya da ɗalibai daga ƙasashe iri-iri, kuma malami ba zai tsaya ya kwatanta masa da harshen uwarsa ba. Kwatancen aikin 'yan gida ne. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta fitar da ƙamusun Hausa a 2006, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, suna da masana nahawun Hausa da za su iya zama da ɗaliban da suka dawo daga Turkiyya su tsara ƙaramin littafi. Gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa suna iya ware minti goma a mako. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke zuwa Istanbul suna iya ɗaukar nauyin buga 'yar takarda mai shafi huɗu da za a riƙa ba sabon matafiyi tare da tikitinsa.

Shafin farko na wannan takarda ba ya buƙatar wani dogon bincike: ranaku bakwai da furucinsu da haruffan Hausa, günü a gefen "ranar", jerin ya da ye da dan da den, gargaɗi a kan pazarda, da gajerun sunayen da ake gani a jadawali. Ɗaliban da suka gama shekarar koyon harshe a Ankara da Konya da Istanbul suna da wannan ilimi a kansu, kuma biyu ko uku daga cikinsu sun isa su rubuta shi a hutun ƙarshen zango guda.